Gizo-gizo Mai Dogayen Ƙafafu

Duk ranar share ɗakunan kwana sai mun ji ihu, wai an ga gizo-gizo, har a ɗauko takalmi. To, kafin mu kashe shi, bari mu san ko wane ne.

Masana sun ƙidaya irin gizo-gizo fiye da 50,000 a shekarar 2022. Dukansu ƙafa takwas gare su, ba fiffike. Mai ƙafa shida, kamar sauro ko kyankyaso, ba danginsu ba ne.

Wanda muka fi gani a ɗakunanmu, ko a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, shi ne mai dogayen ƙafafu sirara kamar zare. Jikinsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Yakan yi yanarsa a kusurwar ɗaki ko ƙarƙashin azara, yana barkatai ba tsari, ya rataye a ciki bayansa na kallon ƙasa. Ga gwajin da muke yi da 'yan aji ɗaya: a taɓa yanar da tsinken tsintsiya. In shi ne, sai ya kama karkarwa da sauri har ido ya kasa ganinsa sosai. Ba faɗa yake nema ba, tsoro ne. Macen kuwa a baki take riƙe ƙwayayenta har su ƙyanƙyashe.

Wannan ba ya cutar mutum. Gaskiya yana da ɗan dafi, amma na kama sauro ne da ƙuda da sauran gizo-gizo. Ƙurajen nan masu zafi da akan tashi da su da damina a ce fitsarin gizo ne, sau da yawa aikin wani ɗan ƙwaro ne mai bin hasken fitila, wanda aka murje a jiki cikin barci.

Akwai dai wanda za mu yi hankali da shi. Cikinsa a mulmule yake, ruwan ƙasa, a ƙarƙashinsa da jan tabo mai siffar kalangu. Jakar ƙwansa tana da tsinitsini kamar ƙarangiya. Yakan ɓuya ƙarƙashin benci ko bokitin da aka kife. Cizonsa da zafi. Wanda ya ciza a wanke wurin da sabulu, a kai shi asibiti.

Mai dogayen ƙafafun kuwa, in yanar ta yi yawa a share, shi a bar shi ya hau bango.