Bayan Guguwa, Ruwa Ake Fara Nema

Ɗana, na samu labarin ɓarnar da guguwa ta yi wa gandunka na renon shuke-shuke a Homestead. Allah Ya mayar da alheri. Tunda kai da ma'aikatanka kuna lafiya, sauran duk mai sauƙi ne, in da rai da rabo. Garin nan ya ga wadda ta fi wannan: ranar 24 ga Agusta, 1992, guguwar Andrew ta kwashe masa gidaje da rumfunan shuka, ga shi kuma har yau daga nan ake lodin dashen ado zuwa sassan Amurka.

Kada ka yi gaggawar share wuri. Ka fara duba ko akwai wayar lantarki da ta faɗo, ka hana kowa kusantarta. Daga nan ka ɗauki hoton komai yadda guguwar ta bar shi, domin masu inshora da jami'an ma'aikatar gona shaida suke nema, kuma wurin da aka riga aka share ba ya ba da shaida.

Bayan haka, ruwa. Za ka yi mamaki, ga ko'ina a jiƙe ina ce maka ruwa. Ai shukar da ke cikin tukunya ba ta da inda za ta miƙa saiwa, in wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, kwana kaɗan ya ishe ta bushewa. Ka tayar da janareta, ka tsayar da tukwanen da suka kife. Inda ruwan teku ya taɓa, ka yi ta kwarara ruwan daɗi har gishirin ya wanke, ka kuma jinkirta zuba taki. Inda ruwa ya kwanta, ka buɗe masa hanya kafin saiwa ta ruɓe. Waɗanda suka saba da inuwa, ragar da ke kare su ta yage, ka yi musu rumfa ko ta wucin gadi ce, rana ba za ta jira ka ba.

Itatuwan gidajen da kake yi wa gyaran fili kuwa, ka riƙe zarto da tausayi. Ƙaramin itacen da ya karkata ana tayar da shi a tokare. Kwakwa da danginta, muddin tsiron tsakiya bai karye ba, ka ba su watanni, sau da yawa sukan sake tohowa. Reshen da ya tsage shi kaɗai za ka cire.

Abin da ya fi damuna shi ne sunanka. Yanzu kowa na neman mai gyara, ido rufe. Kada ka tsawwala kuɗi, kada ka sayar da dashen da ka san gishiri ya ci saiwarsa. Lokacin guguwa ba ya ƙarewa sai ƙarshen Nuwamba, don haka ka tanadi man janareta tun yanzu. Allah Ya yi maka albarka, ka gaishe da iyali.