Sanƙarau: Rigakafi Ya Fi Magani

A bara, cikin watan Maris, wani abokina da muke ɗakin kwana ɗaya ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Muka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Wani ya buɗe akwatinsa ya ba shi kafso biyu, irin mai ja da rawaya, ragowar wanda ya sha tun hutu. Kafin magariba wuyansa ya sanƙare, yana ta amai, ko hasken fitila ba ya son gani. Da malamin asibitin makaranta ya duba shi, nan take ya sa aka kai shi babban asibiti. Likita ya ce sanƙarau ne, kuma da mun ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Allah ya ba shi lafiya, amma har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Irin wanda ke zama annoba a ƙasarmu, ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, tana bin tari da atishawa daga wani zuwa wani. Ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara, musamman inda mutane ke kwana a cunkushe kamar ɗakunanmu. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu da shi a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

Makamai biyu ake yaƙar sa da su. Na farko allurar rigakafi. Ita ba ta warkar da wanda ya riga ya kwanta. Aikinta shi ne ta nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar cutar tun kafin ta zo, don jiki ya gane ta ya kashe ta. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta kusa kawar da sanƙarau nau'in A. Amma akwai sauran nau'o'i, kamar nau'in C da ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar.

Na biyu shi ne maganin kashe bakteriya, wato antibayotik, dangin fenisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928. Wannan shi ake ba wanda ya kamu. Na sanƙarau allura ce da ake yi a asibiti, kafson kemis ba ya isa. Haka kuma antibayotik ba ya taɓa cututtukan bairas irin su mura da ƙyanda. In mutum na shan sa barkatai, ƙwayoyin da suka tsira sai su yi taurin kai, su hayayyafa, har ranar da ake bukatar maganin ya ƙi aiki.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu daina raba wa juna ragowar magani. Mu riƙa buɗe tagogi da dare, kuma duk wanda ya ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya a jikin ɗan'uwansa, ya gaya wa malamin gida nan da nan. Ranar allura kuwa kada mu ɓuya a bayan aji kamar yadda na taɓa yi ina aji ɗaya. Ku kuma iyayenmu, muna roƙon ku kai ƙannenmu a yi musu allurarsu cikakkiya, ku adana katin. Allah ya kare mu baki ɗaya, amin.