Ɓera da Akurki

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Kurfi, ta nufi Dutsin-Ma, da wuya ya wuce gidan da ba a kiwon kaji. Wani gidan har da zabi, da agwagi, da tantabaru, wani kuma da zomaye. Galibi mata da yara su ne masu wannan kiwo. Yarinya ta kan fara da kaza guda wadda kakarta ta ba ta. In Allah ya sa albarka, kafin shekara ta kewayo ta sayar da zakara biyu ko uku, ta yi takalmin Salla, ko ta sayi littattafan rubutu. Saboda haka asarar ɗan tsako guda ba ƙaramin abu ba ce a wurin mai shi.

Maƙiyan kaji suna da yawa, kowane kuwa da irin ɓarnarsa. Shirwa da shaho da rana su ke zuwa, su suri ɗan tsako kowa yana gani. Muzuru da tunku su kan kama babbar kaza, su bar gashi a warwatse. Amma in aka rufe 'yan tsaki goma da magariba, gari ya waye aka ga tara, ko kuwa aka tarar da ƙwai a huje an shanye, ba ihu, ba gashi, to, a tuhumi ɓera. Wanda ya ke so ya tabbatar, sai ya barbaɗa toka mai laushi a bakin akurki da almuru. Da sassafe zai ga ƙananan sawu, da wani ɗan zane siriri a tsakaninsu. Wannan zane wutsiya ce ta yi shi. Zai kuma ga kashinsa baƙi-baƙi, kamar ƙwayar shinkafa.

Mutanen ƙasar Katsina su kan kira ɓera kusu. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gida, gwanin hawa, wanda ke kwana cikin azara da jinka, ya sauko da dare. Akwai na gona, wanda ke haƙa rami, ya biyo dammunan gero da dawa zuwa gida da kaka. Sa'ad da aka ƙona daji da rani kuma, su kan gudo cikin gari. A ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983, masu noman rani sun san su ƙwarai, gama inda shuka ba ta yankewa, abincin ɓera ba ya yankewa. Sa'an nan ga babbarsu, watau gafiya, mai farin rabin wutsiya, wadda ke son ramummuka a gindin duwatsu da tsofaffin katangu. Tana da jaka biyu cikin kumatunta, ta kan cika su da gyaɗa ko hatsi ta kai rami, ta komo ta sake. Ga ta da hanci mai kaifi. A ƙasar Tanzaniya har horar da 'yan'uwanta a ke yi, suna sansano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Wani daga cikinsu, mai suna Magawa, an ba shi lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a ƙasar Kambodiya. Amma gafiyar da ke bayan rumbu ba ta san wannan aiki ba, sata kurum ta iya.

Jaba kuwa, ko da ya ke ta yi kama da ɓera, ba danginsa ba ce. Dubi bakinta mai tsini. Ƙwari ta ke ci, kamar kyankyasai da gyare. Warinta ne ya sa ba a ƙaunarta.

Abu biyu suka sa ɓera ya gagari mutane. Na fari haƙoransa. Haƙoran gaba guda huɗu ba su daina tsawo har ya mutu, don haka dole ya yi ta gwaguyar abu kullum, suna gogewa. Buhu, da ƙwarya, da katako, da roba, da wayar lantarki, duka ba su gagare shi ba. Ƙarfe ne kaɗai, da siminti mai ƙwari, su ke tsai da shi. Na biyu haihuwa. Kun san kaza kwana 21 ta ke kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. To, macen ɓera ma kimanin kwana 21 zuwa 23 ta ke ɗauke da ciki, ta haifi shida, ko bakwai, ko fiye. Kafin kaza ta gama yawo da 'ya'yanta ta sake saka, ita ta sake haihuwa. 'Ya'yan kuma da sun kai wata uku sai su fara tasu. Wanda ya iya lissafi ya ɗauki alli ya gwada: mace ɗaya, haihuwa biyar a shekara, 'ya'ya shida kowace haihuwa, rabinsu mata. Zai ga dalilin da ya sa mutum ya kan kashe goma yau, bayan wata biyu ya ga kamar bai kashe ko ɗaya ba.

Tun da ya ke kisa kaɗai ba ya ƙarar da su, sai a tambaya, me ya kawo su gidan? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abu uku ɓera ke nema: abinci, da ruwa, da maɓoya. A gefen akurki kuwa ya kan sami duka ukun wuri ɗaya. An watsa wa kaji tsaki da dusa da la'asar, sun ci sun bar saura a ƙasa. Ga kaskon ruwansu a cike. Ga tarin kara da itace an jingine a jikin bango. Ina ɓera zai je ya bar wannan daula?

Aikin farko na yara ne, ba ya kuwa bukatar ko kwabo. A riƙa ba kaji abinci cikin kasko, da safe da kuma la'asar, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Da kaji sun shiga akurki, sai a ɗauke kaskon, a share abin da ya zube, a zubar da ruwan, a kife mazubin. Ƙwai kuma a kwashe kowace rana, sai fa wanda aka bar wa kaza don kwanci. Haka za a yi wa tantabaru da zomaye. Kwanon kyanwa da na kare ma kada ya kwana da abinci a ciki. Wannan aiki bai fi na minti goma ba, amma dole a yi shi kowace rana. Wanda ya share kwana shida, ya manta ran na bakwai, ya ciyad da baƙonsa ke nan.

Dusa da hatsin kaji kada a bar su cikin buhu a ƙasa. A zuba su cikin duro na ƙarfe mai murfi, ko tukunyar ƙasa wadda aka rufe da abu mai nauyi. In buhu ya zama dole, a ɗora shi bisa benci, nesa da bango. Kakanni sun san wannan, shi ya sa ba su kafa rumbu a ƙasa, sai bisa duwatsu. Sai dai ƙarƙashin rumbu ya zama a share, ana hango wancan gefe daga wannan, gama ɓera matsoraci ne, ba ya son ratsa fili. Karan dawa, da itace, da fasassun tukwane, da ciyawar awaki, duka a matsar da su daga akurki, a ɗaga su daga ƙasa.

Sa'an nan a duba akurkin kansa. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ƙofar da fensir zai shiga, babba kuwa ta wadda ba ta fi kaurin babban yatsa ba. Duk wata tsaga a toshe ta da tsakuwa da siminti, gama laka zalla da tsumma ba su hana shi. A daɓe ƙasan akurki da kyau. Ƙofar iska a sa mata ragar waya mai ƙananan idanu. Kada a manta da rariya, inda ruwa ke fita daga gida, don nan ce babbar ƙofarsa. Ita ma a sa mata raga. Kaza mai ƙananan 'ya'ya ta fi kowa bukatar tsaro, a ba ta wurin kwana mai murfi har su yi gashi.

In an yi wannan duka, ɓeran da ke gidan zai ji yunwa, sa'an nan ne tarko ke amfani. Akwai dabara a kafa shi. Ɓera ba ya gani sosai, jikin bango ya ke bi yana shafawa da gashin bakinsa, don haka a jikin bango za a ajiye tarko, ba a tsakar gida ba. Ga shi kuma da zargi, ba ya kusantar baƙon abu. Sai a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a kai, a bar shi ba a ɗana ba dare biyu ko uku, har ya saba ci. Daren da ya sake jiki, a ɗana. Ba a ɗana tarko sai kaji sun shiga, a kuma ɗauke shi kafin a buɗe su, a ɗaure kare, a kau da kyanwa. Waɗansu manoma su kan binne tulu ko bokiti har baki, su zuba ruwa rabi, su barbaɗa ƙaiƙayi a sama. Ɓera ya zaci hatsi ne, ya faɗa. Wannan ma da dare kaɗai a ke buɗe shi, don kada ɗan tsako ya faɗa maimakon ɓarawon.

Mutane da yawa, da sun ji motsi a ɗaki, sai su aika kasuwa a sayo shinkafar ɓera. A gidan da ke da kaji wannan ganganci ne. Kaza ba ta san bambancin hatsi mai guba da mai kyau ba. Wata gubar kuma ba ta kashewa nan da nan. Ɓera ya kan yi kwana uku ko fiye yana yawo da ita a ciki, jikinsa a mace. Shi ne kyanwa ta fi saurin kamawa, ko kare ya tsince shi, su ma gubar ta shige su. Ta haka gida ya kan rasa mai gadinsa, ɓerayen maƙwabta kuwa su shigo su maye gurbin wanda ya mutu. Mafi muni, ƙaramin yaro mai rarrafe ba ya ƙin kai kome baki. Guba ba aikin yara ba ce ko kaɗan. In manya suka ga ba makawa, su nemi shawarar malamin dabbobi. In kuwa wani ya haɗiye ta, a kai shi asibiti maza, tare da takardar da aka ƙunso ta, don likita ya san irinta.

Kyanwar da ta tashi tare da kaji tun tana ƙarama, ana kuma ba ta abinci, ba safai ta kan taɓa 'yan tsaki ba, ƙanshinta ma kawai yana firgita ɓera. Mujiya kuma, wadda yara ke jifa in ta sauka a soro, ɓera ne babban abincinta, da shi ta ke ciyad da 'ya'yanta. A ƙyale ta. Gidan da ɓeraye suka yi yawa kuwa, maciji ya kan biyo su, in ya zo kuma ba ya ƙin ƙwai.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga akurki ba. A 1969 aka gano wani zazzaɓi a garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno yanzu, aka sa masa sunan garin. Daga baya masana suka gane wani ɓera mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ya ciwo, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa, ta shiga abincin da aka bari a buɗe, ko garin da aka shanya a ƙasa. Cutar ta fi tashi da rani. Jihohin Ondo, da Edo, da Bauchi, da Taraba sun fi shan wahalarta, amma irin wannan ɓera yana nan a gonakin ƙasar Hausa. Ta kan fara da zazzaɓi, da ciwon kai, da ciwon maƙogwaro, da kasala, maganin zazzaɓin sauro kuwa ba ya jin ta. Wanda aka kai asibiti da wuri ya fi samun sauƙi. Saboda haka yara su bar farautar ɓera suna gasawa. Mataccen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu; a kwashe shi da shebur, a binne cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. Kafin a share kashinsa a yayyafa ruwa, don kada ƙura ta tashi a shaƙa, sa'an nan a wanke hannu da sabulu.

Ɓera bai san iyakar gida ba. In gida ɗaya ya gyara, na kusa da shi bai gyara ba, sai su koma can su kwana, su riƙa zuwa nan yawon dare. Ya kamata mai unguwa da duba-gari su sa rana, kowane gida ya fito, a kwashe juji, a toshe ramummuka, a ɗana tarkuna dare ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da kaka, tun ba a shigo da amfanin gona ba. Bayan haka mai kaji ya ci gaba da barbaɗa toka a bakin akurki. In ya yi mako guda bai ga sawu ba, ya rage zuwa sau ɗaya a mako, har damina ta faɗi.