Zarton Lantarki a Hannun Kafintocin Gwarzo da Kabo: Daidaita Shi da Kauce wa Harbinsa

Gabatarwa

Aikin itace a ƙasar Hausa ya daɗe a hannun masassaƙa, waɗanda ke sarrafa ƙirya da maɗaci da gatari da gizago, su fitar da turmi da taɓarya da akushi. Kafinta baƙo ne, kamar yadda sunansa na aro daga Ingilishi ya nuna, ya kuwa zo da katako da ƙusa da zarto. A yau duk wanda ya bi hanyar Gwarzo, wadda ta wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya shiga Kabo ko Garo ko Getso ko cikin garin Gwarzo, da wuya ya rasa jin kukan zarton lantarki a inda ake ɗora rufin kwano. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake daidaita wannan na'ura da yadda ake riƙe ta, domin takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalinta da harsunan waje take, yaron kafinta kuwa da ido yake koyo.

Siffarsa

Wani mutum mai suna Edmond Michel ne ya ƙirƙiro irin na riƙewa a hannu a Amurka cikin 1923, daga aikinsa kuma kamfanin Skilsaw ya samo asali. Zarton faifai ne na ƙarfe mai haƙora, wanda aka fi gani faɗinsa milimita 185, yana juyawa kimanin sau 5,000 a minti guda. Yana zaune bisa faranti mai zamewa a kan katako, da murfi biyu: na sama kafaffe, na ƙasa kuma mai sifirin, wanda ke ja da baya idan an shiga yanka, ya koma ya rufe haƙoran da zarar an fita.

Daidaitawa

Kafin a taɓa kowane noti, sai an zare waya daga soket. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba, musamman a wuraren da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, ko inda wani ke can gefe yana fama da tayar da janareta. Mafi muni shi ne zarton da makunninsa ya lalace aka haɗe wayoyin kai tsaye, don kuwa da zuwan wuta zai tashi ko a hannun wa yake.

Abu na farko da ake daidaitawa shi ne zurfi. A ɗora farantin a gefen katakon, a sassauta maƙullin baya, a sauke faifan har haƙoransa su leƙo ƙarƙashin katakon da kamar milimita 3 zuwa 6, sannan a ƙulle. Akwai masu sakin faifan gaba ɗaya don gudun sake saiti, alhali kuwa duk abin da ya leƙo fiye da kima yana neman cinya ne ko wayar injin. Na biyu shi ne karkata, daga miƙe tsaye zuwa digiri 45, wadda ake bukata wajen haɗa kusurwar itacen rufi. Faifan da kan ci kusan milimita 65 a miƙe, ba ya wuce kamar 45 idan an karkata shi, saboda haka sai an sake duba zurfi. Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne a tsawonsa, mai 40 zuwa 60 kuwa na yanka mai laushi ne. Kibiyar da ke jikin faifan tilas ta dace da ta jikin murfi. Tun da haƙoran daga ƙasa suke cizo su yo sama, fuskar katakon da ake son ta fita sumul ita ake kifawa.

Harbin Zarto

Babban haɗarin wannan na'ura ya cancanci suna tsayayye a Hausa, domin maigida ba zai iya gargaɗin yaronsa a kan abin da ba shi da suna ba. A nan an kira shi harbi, don ya yi kama da na jaki: ba ya sanarwa, kuma wanda ke tsaye a baya yake samu. Yana faruwa ne idan tsagar ta matse faifan. Haƙoran baya sai su kama itacen, injin ya yi tsalle ya yo kan mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido.

Yawanci daga yadda aka ajiye katakon matsalar take farawa. Idan aka tokare shi a kai biyu aka yanka tsakiya, nauyinsa zai lanƙwasa shi ya rufe tsagar. Daidai shi ne a tokare ɓangaren da za a ajiye, a ɗaure shi, a bar guntun ya faɗi da kansa. Ɗanyen katako da mai gaɓa da wanda aka ciro daga tsohon rufi da ƙusa a ciki duk suna jawo harbi, haka ma faifan da ya dakushe, don yana sa a riƙa dannawa da ƙarfi. Mai yanka ya riƙe da hannu biyu, ya tsaya a gefen layin yankan, ya bari faifan ya kai ƙarshen gudunsa kafin ya taɓa itace. In ya maƙale, a saki makunni, a jira ya tsaya cik kafin a zaro shi.

Akwai al'adu biyu da ba su da uzuri. Ɗaya ita ce ɗaure murfin ƙasa da waya ko cusa masa tsinke don kada ya rufe. Irin wannan zarto idan aka ajiye shi faifan bai gama juyawa ba, tafiya yake yi a ƙasa da baya, ya yanki abin da ya tarar, sau da yawa ƙafa mai silifa. Ɗayar kuma ita ce ɗaura faifan katako a jikin ƙaramin injin yankan ƙarfe na masu walda, wanda gudunsa ya ninka na zarto, ba shi kuma da faranti ko murfi mai rufe kansa.

Sutura ma tana da nata hukunci. Hannun riga mai faɗi da carbi a wuya ba su da wuri a bakin wannan aiki, tabarau kuwa wajibi ne, da ƙyallen rufe hanci, balle a lokacin hunturu da dusar katako ke haɗuwa da ƙura.