Prolaktin da Zuciyar Mai Jego

A darasin Bayoloji mun koyi cewa prolaktin shi ne sinadarin da ke kawo ruwan nono, kuma daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa. Amma aikinsa bai tsaya nan ba. Yana zuga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, wani lokaci har ya ƙara kumburi.

Mu a nan Kalmalo, abin da ya fi shafarmu shi ne ciwon zuciyar masu jego. Wani bincike na asibitin koyarwa na Sakkwato a 2007 ya samu kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu tana kamuwa. A shekarar ce kuma masana a Jamus suka nuna cewa prolaktin kan tsinke, guntunsa ya lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya, sai ta raunana. Da can wankan jego da kunun kanwa ake zargi, amma binciken Najeriya na 2020 bai tabbatar da laifinsu ba.

Idan ƙafafun mai jego suka kumbura, tana haki, kada mu ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti a Illela ko Sakkwato. Batun dakatar da shayarwa kuwa, na likita ne.