Darasi Na Goma Sha Biyu: Rayuwa Bayan Ritaya

Ya kai ɗalibi, wataƙila a gidanku akwai wanda ya kusa ajiye aiki. A Nijeriya, ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya yi shekara 35 yana aiki. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa, ko 40 a bakin aiki.

Ranar ritaya takan zo wa wasu da baƙin ciki. Wanda ya auna nasararsa da girman kujerarsa yakan ga kamar darajarsa ta ƙare ranar da ya miƙa mabuɗin ofis. Albashi ya tsaya, sai jiran fansho, masu zuwa gaisuwa kuma sun ragu.

Amma dubi Cif Olusegun Obasanjo. Bayan ya sauka daga mulki a 2007, ya koma karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, har ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana da shekara 80. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.

Saboda haka, tun yanzu ka koyi sana'a, ka saba da tanadi, ka riƙe zumunci. Ofis yakan karɓe mabuɗinsa, amma waɗannan suna tare da kai har tsufa.

Tambayoyi
1. Yaushe ma'aikacin gwamnati yake yin ritaya?
2. Me ya sa wasu suke baƙin ciki ranar ritaya?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin.