Ɗaki A Cikin Mota: Abin Da Furojet Ɗina Ya Koya Mini

Ina ajin ƙarshe na difloma a ɓangaren injiniyan motoci, kuma furojet ɗin da na zaɓa shi ne tsara cikin motar kwana, wato motar da mutum zai yi tafiya da ita, ya kwana a ciki, ya dafa abincinsa. Zanen farko da na kai wa malamin da ke duba aikina ya yi kyau a ido: ga gado, ga kicin, ga firij, har da ɗan teburin cin abinci. Malam ya kalle shi ya ce, "Wa zai kwana a nan, kuma kilo nawa duk wannan?" Na yi tsuru-tsuru. Daga waɗannan tambayoyi biyu na fara koyon aikin.

Ita wannan mota a Turai da Amurka ta fi tashe. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ƙaramar bas ɗinsa mai suna Type 2 a 1950, sai kamfanin Westfalia ya fara saka mata gado da kabad a 1951. Su can yawon shaƙatawa suke yi da ita. Ni kuwa Kawuna na duba, wanda yake cin kasuwannin ƙauye da atamfofi a tsohuwar Toyota HiAce, Hayis ɗin nan da muka sani, yana kwana uku a waje duk mako, a kan kujerar direba yake barci. Ya yarda na gwada tsarin a motarsa, da sharaɗi ɗaya: "Kada ka cinye mini wurin kaya."

Mataki na farko: rubuta ranar mutumin

Kafin ka taɓa fensir, ka zauna da mai motar ya ba ka labarin wuninsa daga asuba zuwa dare. Da na yi haka, sai na gano Kawu ba ya bukatar teburi, a kan tabarma yake cin abinci. Firij ma bai dame shi ba. Abin da yake so shi ne ya miƙe ƙafa, ya samu iska, ya yi cajin waya, ya dafa shayi, kuma ruwan sama kada ya taɓa atamfa. Rabin abin da na zana ya tafi tun a nan, kuɗinsa ma ya huta.

Mataki na biyu: awo da hannunka

Ka ɗauki tef ka shiga motar. Bayan an cire kujerun fasinja, na samu tsawo kusan mita 3 daga bayan kujerar direba, faɗi kusan santimita 150, tsayi kuma kusan 130. Amma cikin mota ba akwati ba ne. Bango yana lanƙwasa ciki ta sama, ga tudun tayoyin baya guda biyu, ga matakalar ƙofar gefe. Saboda haka ka auna faɗi a wuri uku: ƙasa, tsakiya da sama. Sannan ka zana da sikelin 1:20, inda santimita 5 a takarda take matsayin mita ɗaya.

Mataki na uku: gado shi ne sarki

Gado ya fi komai cin wuri, don haka shi ake fara ajiyewa, sauran su bi. A zanena na farko na gicciye gadon don in samu fili. Kawu tsayinsa santimita 178, faɗin motar 150. Ka ga ke nan a naɗe zai kwana kamar kifi. Dole gadon ya bi tsawon mota: 190 a tsawo, 70 a faɗi, aka bar hanya mai faɗin 80, da wurin kaya na santimita 110 a baya.

Akwai kuma lissafin zama. Babban mutum idan ya zauna yana bukatar kusan santimita 90 daga saman katifa zuwa rufi. Cire 90 daga 130, saura 40. Wato gado da katifarsa kada su wuce santimita 40 daga ƙasa, in ba haka ba kullum kai zai sha karo. Ƙarƙashin gadon ya zama ma'ajiya, ya kuma rufe tudun taya ɗaya.

Mataki na huɗu: nauyi

Nan ne tambayar Malam ta biyu. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka, ana samunsa a ɗan farantin da ke jikin motar ko a littafinta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a ciki har da direba da mai. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan. Batirin ruwa mai 100Ah yana kai kilo 30. Fallen filawud mai kaurin milimita 18 yana kai kusan kilo 30, mai milimita 12 kuwa kusan 20. Na yi niyyar amfani da falle biyar na mai kauri. Da na koma mai 12, na rage kilo 50, nauyin da ya koma wa atamfar Kawu.

Inda ka ajiye nauyin ma magana ce. Abu mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba shi dama da hagu. Idan ka jibga ruwa da batir da gado a gefe ɗaya, motar za ta karkace, taya ta ci gefe, kwana kuma ta zama haɗari. Kabad na sama na kaya marasa nauyi ne kawai. Kuma komai a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, domin idan aka taka burki da ƙarfi, abin da ba a ɗaure ba zai taho gaba, kan direba zai nufa.

Mataki na biyar: gas da iska

Wannan batun rai ne, ba na ado ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yoyo ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa ake yi wa tukunyar gas akwatinta, a tsaye, a ɗaure, da huda a ƙasan akwatin wadda ta fita waje. Wuta kuma idan tana ci a rufaffen wuri tana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Don haka babu gawayi, babu janareto, babu risho a kunne a cikin mota a rufe. Tunda ba a iya tsayuwa a cikin tamu, sai muka yi aljihun teburi mai jawowa ta ƙofar baya, girki a waje, ƙofar ta zama rumfa.

Don iska, a bar mashiga a ƙasa da mafita a sama, saboda iska mai zafi sama take yi. Mu mun sa raga a tagogi biyu saboda sauro, da fanka ɗaya a rufi.

Mataki na shida: lissafin wuta

Ka ninka wat ɗin kowace na'ura da awannin da za ta yi aiki. Fanka mai wat 20 na awa 8 ya ba da 160. Ƙwan fitila uku masu wat 3 na awa 4, 36. Cajin waya biyu kusan 30. Jimla 226. Batir mai 12V da 100Ah yana riƙe 1,200, amma na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 600. Ya wadatar har kwana biyu. Batirin ɗaki ya zama daban da na tayar da mota, kuma a sa fiyus kusa da shi.

Mataki na ƙarshe: kwali kafin katako

Kafin kafinta ya yanka komai, mun zana tsarin da alli a ƙasan motar, muka haɗa gado da kabad da kwalayen da na roƙo a kasuwa. Na ce, "Kawu, bismilla, ku gwada." Ya kwanta, ya tashi, ya miƙa hannu, sai ga shi murfin ma'ajiya yana tokare bayan kujera. Da almakashi muka gyara, cikin minti biyar. Da katako ne, da an yi asarar falle guda.

Ranar kare furojet, Malam ya sake yi mini tambayoyinsa biyu, wannan karon na amsa da sunan mutum da adadin kilo. 'Yan ajin baya masu shirin zaɓar furojet, ko shago za ku tsara ko ɗakin hostel, ku fara samo amsar waɗannan biyun kafin ku buɗe kwamfuta. Kawu dai yanzu yana miƙe ƙafa, ƙorafinsa ɗaya ya rage: wai katifar ta sa yana makara kasuwa.